Jarumar fim da kamfanin da ya mallaki sunanta

Wata marubuciya ce ta aiko da tambaya. Ta ce tana rubuta ƙagaggen labari mai tushe a tarihi, a kan wata yarinya da ta shiga harkar fim a Amurka a farkon zamanin silima. Ta yi babi uku, sai ta ga labarin ya koma na mugun mai kamfani da baiwar Allah mai yawan kuka. Tana son sanin yadda za ta nuna ƙarfin da kamfanonin fim suke da shi a kan 'yan wasa mata, ya zama gaskiya, ya kuma yi daɗin karatu.

Ƙanwata, na ji daɗin tambayarki, domin kin gano inda ciwon yake tun rubutu bai yi nisa ba. Na daɗe ina koyar da tarihin fim, na kuma duba rubuce-rubuce da dama a kan wannan zamani, kusan kullum a nan ake tuntuɓe. A kawo wani ƙaton mutum da sigari a baki, a zaunar da shi bayan babban tebur, a shigo da yarinya jikinta yana ɓari. An yi irin waɗannan mutane, ba na musu. Amma da mugun halin mutum ɗaya ne kaɗai matsalar, da yarinyar ta ɗauki jakarta ta tsallaka titi ta shiga wani kamfanin. Abin da ya hana ta fita shi ne labarinki. Wannan abin kuwa a takarda yake: kwantiragin da ta sa wa hannu, da sunan da aka raɗa mata, da gidajen silima da suke hannun waɗanda suka ɗauke ta aiki. Idan mai karatu ya fahimci takardar nan, ko da mai kamfanin mutum ne mai fara'a da kyauta, zai ji igiyar a wuyan yarinyar.

Kafin komai, ki tsayar da shekara. Abin da muke kira farkon zamanin silima ba dunƙule ɗaya ba ne. Yarinyar da ta shiga fim a 1909 da wadda ta shiga a 1919 da wadda ta shiga a 1935 duniyoyi uku suka tarar, kuma matsalar kowacce daban.

A 1909 ko Hollywood ɗin ba a koma ba tukuna. Yawancin aikin a New York da New Jersey ake yin sa, fim ɗin bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba, kuma ba a rubuta sunan ɗan wasa a jikinsa. Kamfanoni sun san cewa ranar da jama'a suka san sunan mutum, ranar zai nemi ƙarin kuɗi. Akwai wata 'yar Kanada, Florence Lawrence, da take fitowa a finafinan kamfanin Biograph. 'Yan kallo sun haddace fuskarta, suna aiko da wasiƙu suna tambayar wace ce, kamfani ya yi gum. Sai aka riƙa ce mata yarinyar Biograph kawai. Ki dubi abin da wannan yake nufi: farin jinin nata ne, sunan na kamfani ne. Da ta bar wurin, aka ɗauki laƙabin aka liƙa wa wata.

Carl Laemmle, mai wani ƙaramin kamfani da ake kira IMP, shi ya ɗauke ta. A 1910 aka baza jita-jitar cewa motar tarago ta cikin gari ta take ta ta mutu. Bayan labarin ya zagaya, sai Laemmle ya buga talla yana ƙaryatawa, yana cewa abokan gaba ne suka ƙirƙira, ga ta nan da ranta tana yi masa sabon fim. Daga nan ya kai ta birnin St. Louis jama'a suka yi dafifi don su gan ta da idonsu. Masana tarihi sun tafi a kan cewa shi da kansa ya kunna jita-jitar. Ta samu sunanta, amma ta hanyar labarin mutuwarta da wani ya shirya don kasuwarsa. Ƙarshenta kuma mai sa hawaye ne. Tauraronta ya dushe, ta koma karɓar ƙananan fitowa a kamfanin fim na MGM, ta kashe kanta a 1938, kabarinta ya zauna babu ko allon suna har 1991. Macen da aka fara tallata fim da sunanta, ta yi shekara hamsin da 'yan kai a kabarin da ba suna. Ban taɓa ba da wannan labari a aji ban ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro ba.

Batun suna bai tsaya nan ba, salo kawai ya canza. Da aka gane suna yana kawo kuɗi, sai kamfani ya koma shi yake ƙera shi. Theodosia Goodman 'yar wani tela ce daga Cincinnati. Kamfanin Fox ya mai da ita Theda Bara, ya shirya mata asali na ƙarya cewa a Masar aka haife ta, a cikin sahara. Lucille LeSueur kuwa gasa aka sa a mujalla a 1925, masu karatu suka zaɓa mata Joan Crawford, sunan da ita kanta ba ta so da farko. Margarita Cansino aka mai da ita Rita Hayworth, aka rina mata gashi, aka bi gashin goshinta da lantarki ana kashe shi don goshin ya faɗaɗa, kamannin Sifaniyawa ya ragu. Mu da muka san nauyin ranar suna, da ragon da ake yankawa, da yadda ake kiran mutum da sunan ubansa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ki rubuta ranar da aka canza wa yarinyarki suna a ofis, cikin minti biyar, ana shan kofi. Ki rubuta ranar da wasiƙar mahaifiyarta ta iso da tsohon sunan, mai gadi ya ce babu mai wannan suna a nan. Wannan shafi ɗaya zai yi miki aikin da babi guda na kuka ba zai yi ba.

To amma kada ki ɗauka mata a wancan lokaci duk ganima ce a hannun maza. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko ɓata mini rai, domin yana shafe matan da suka yi abin a zo a gani. Tsakanin 1910 da 1920, lokacin da harkar ba ta yi ƙiba ba, mata suna ko'ina a cikinta. Alice Guy, Bafaranshiya, ta fara ba da umarni a kamfanin Gaumont tun ƙarshen ƙarni na 19, ta zo Amurka ta kafa kamfanin Solax a 1910. Lois Weber tana cikin manyan daraktocin kamfanin Universal, daga baya ta buɗe nata. Frances Marion tana cikin marubutan fim da suka fi kowa albashi. Sai uwa-uba Mary Pickford, wadda sunanta na yanka Gladys Smith, ita ma 'yar Kanada. Ta shiga Biograph a 1909 ana biyanta dala 10 a rana. A 1916 ta zauna da Adolph Zukor, wani babban mai kamfanin fim, ta ƙulla kwantiragin dala 10,000 a mako, da rabin ribar finafinanta. A 1919 ita da Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa United Artists don su riƙa rarraba finafinansu da kansu. A fim yarinya ce ƙarama mai zubin gashi har kafaɗa, a ofis kuwa ta iya lissafi kamar kowane attajiri. Ita ma tana da tata sarƙar: 'yan kallo ba su yarda ta girma ba, ta ci gaba da fitowa a matsayin yarinya har ta haura talatin, kuma da ta yanke gashin nan a 1928 sai da ya zama labarin shafin farko na jaridu.

Idan kika sa labarinki a wannan tsakani, to labarin ƙofa ce da take buɗe, ake turo ta a hankali har ta rufe. Abin da ya rufe ta kuɗi ne. Finafinai suka yi tsawo, tsadarsu ta ƙaru, bankuna suka shigo, kamfanoni suka haɗe suka zama manya. MGM a 1924 aka haɗa shi. Zuwa 1930 manya biyar ne suke riƙe da ragamar: Paramount, MGM, Warner, Fox da RKO. Kowannensu shi yake yin fim, shi yake rarrabawa, shi yake da manyan gidajen silima na birane. Mai ƙaramin gidan silima kuma idan yana son fim ɗin fitacciyar jaruma, dole ya saye shi haɗe da tarin wasu finafinan kamfanin da bai ko gani ba. Kin ga amfanin jaruma a wurin kamfani ke nan: ita ce naman da ake ɗorawa a saman kwano don a sayar da tuwon da ke ƙasa. Shi ya sa ba za a bar ta ta tafi ba, shi ya sa kuma ba za a bar ta ta gane iyakar darajarta ba. A shekarun 1930, a duk manyan kamfanonin, Dorothy Arzner ce kaɗai mace da ta ci gaba da aikin darakta. Wannan tsari bai karye ba sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1948, aka tilasta wa kamfanonin rabuwa da gidajen silimarsu.

Yanzu bari in zauna a kan kwantiragin, don nan ne zuciyar maganar. An saba yin sa na shekara bakwai. Amma shekara bakwan nan a kan 'yar wasa kaɗai suke. Kamfani yana da damar dubawa duk bayan wata shida ko shekara, in ya ga dama ya ci gaba da ita, in bai ga dama ba ya sallame ta. Ita ba ta da irin wannan dama. Sau da yawa mako arba'in ake biya a shekara, sauran sha biyun hutu ne na dole ba albashi, kuma ba ta da izinin yin aiki a wani wuri a cikinsu. Ba ita take zaɓar fim ba. Ana iya ba da aronta ga wani kamfani a kan kuɗi mai yawa, a ba ta albashinta na kullum, kamfani ya soke ragowar a aljihu. Sai babbar bulalar, wato dakatarwa. Idan aka ba ta fim ta ce ba ta so, sai a dakatar da ita ba albashi har a gama ɗaukar fim ɗin da wata, sannan a ɗauki kwanakin da ta zauna a gida a ƙara su a ƙarshen kwantiraginta. Duk ƙin da ta yi, ƙara wa kanta wa'adi take yi. Shekara bakwai tana iya zama takwas ko tara.

Ki tsaya ki ga irin dambarwar da wannan sharaɗi ɗaya zai haifar a cikin labari. Yarinyarki ta karanta labarin fim ɗin da aka aiko mata, ta san zai zubar mata da ƙima. In ta yi, ta ci baya a sana'arta. In ta ƙi, babu kuɗin haya, babu abin aika wa iyaye, ga ƙarin wata uku a ɗaure. Babu wanda ya ɗaga mata murya. Wata sakatariya ce mai ladabi ta kawo mata takarda a ambulan. Gaba kura, baya sayaki, kuma duk bisa doka.

Mata biyu ne suka yi fito-na-fito da wannan tsari a kotu, duka da kamfanin Warner. Bette Davis ta gaji da finafinan da ake ba ta, ta tafi Ingila a 1936 don ta yi aiki a can. Kamfani ya bi ta har Landan ya kai ta ƙara, ya yi nasara, ta dawo da bashin lauyoyi a kanta, ko da yake bayan dawowar an fara ba ta finafinai masu nauyi. Olivia de Havilland ta bi ta wata hanya. Ta yi haƙuri har shekaru bakwai na kwantiraginta suka cika a 1943, sai aka ce mata da saura, akwai kusan wata shida na dakatarwar da aka yi mata. Lauyanta ya nemo wata tsohuwar dokar ƙwadago ta jihar Kalifoniya da ta hana a ɗaure mutum da kwantiragin aiki fiye da shekara bakwai. Gardamar duka a kan abu ɗaya ce: shekara bakwai na kalanda, ko shekara bakwai na kwanakin da aka yi aiki? Kamfani ya rubuta wa sauran kamfanoni kada su ɗauke ta, ta yi kusan shekara biyu ba ta tsaya gaban kyamara ba, a lokacin da take ganiyar ƙuruciyarta. A watan Disamba na 1944 kotun ɗaukaka ƙara ta ce shekarun kalanda ne. Har yau da sunanta ake kiran wannan hukunci. Bayan ta samu kanta ta zaɓi finafinanta da hannunta, ta ci kyautar Oscar sau biyu. Abin da nake so ki ɗauka daga wurinta shi ne, ba da ihu ta yi nasara ba. Mace ce mai sanyin magana da ake ba wa matsayin salihar mata, ta karanta sharaɗi ɗaya da kyau, ta yarda ta yi asarar shekara biyu.

Akwai kuma sharaɗin ɗa'a. A watan Satumba na 1921 wata 'yar wasa, Virginia Rappe, ta rasu bayan wani biki a otal a San Francisco, aka tuhumi fitaccen ɗan barkwanci Roscoe Arbuckle. An yi shari'a sau uku, a ta ukun aka wanke shi, amma jaridu sun riga sun yi wa masana'antar kaca-kaca. Kamfanoni suka tsorata. Universal ya fara sa sharaɗi a kwantiragi cewa duk wanda ya aikata abin da zai jawo masa baƙin jini a idon jama'a za a iya korarsa, sauran suka bi. A 1922 suka ɗauko Will Hays, wani ɗan siyasa, ya zama mai tsaron mutuncinsu, daga nan aka samu ƙa'idojin tace fim na 1930, waɗanda aka fara aiki da su da gaske a 1934. A takarda sharaɗin ɗa'a ya shafi kowa. A aikace, kin san wanda ya fi ci. Kamfani yana da bakin magana a kan wanda za ta fita da shi, da lokacin da za ta yi aure, da ko za ta haihu. MGM yana da mutane irin su Eddie Mannix da Howard Strickling da aikinsu ya haɗa da binne abin kunya kafin ya kai jarida, ga kuma 'yan jaridar gulma irin su Louella Parsons da Hedda Hopper da ake ba su labari ɗaya don su yi shiru a kan wani. A nan akwai wani abu mai zurfi da marubuci zai more: wanda ya rufa maka asiri ya riƙe ka. Duk rufin asirin da kamfani ya yi wa yarinyarki, ƙulli ne ya ƙaru a igiyarta, kuma za ta gode masa da zuciya ɗaya a ranar.

Judy Garland tana da shekara 13 MGM ya ɗauke ta a 1935, kuma ita da bakinta ta faɗi yadda ake ba ta ƙwayoyin hana cin abinci da na hana barci, sannan a ba ta na sa barci. Idan yarinyarki ƙarama ce, to akwai uwa ko mariƙiya a gefe da ta sa hannu a madadinta, kuma ita ma sai ki ba ta dalilinta, kada ki mai da ita dodo. Talauci ne yake kawo yawancinsu ƙofar situdiyo.

Ki kuma yanke shawarar launin fatarta da asalinta, domin wannan yana canza komai. Anna May Wong a Los Angeles aka haife ta a 1905, iyayenta 'yan asalin Sin. Ta gaji da fitowa a matsayin muguwa ko wadda za ta mutu kafin ƙarshen fim, ta tafi Turai a 1928. A 1935 MGM ya tashi yin babban fim a kan manoman ƙasar Sin, aka hana ta matsayin matar gida aka ba Luise Rainer, Baturiya, aka yi mata kwalliyar da za ta yi kama da 'yan Sin, har ta ci Oscar da shi. Hattie McDaniel, baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a 1940, a wani tebur na gefe aka zaunar da ita a wurin bikin, nesa da abokan aikinta. Baƙar mace a wancan lokaci yawanci ba ta ma kai ga samun irin kwantiragin da farare suke kuka da shi ba.

Game da ƙananan abubuwan da suke sa mai karatu ya ji ƙamshin wuri, ga kaɗan da na tabbatar. A zamanin fim marar magana wurin ɗauka cike yake da hayaniya. Darakta yana magana da 'yar wasa ana tsakiyar ɗauka, mai kyamara yana juya hannun kyamara, kafinta yana buga ƙusa a gefe, wani lokaci a kawo mai goge ya yi mata kiɗa mai taushi don hawaye su zo. Fitilun da ake haskawa suna ƙona ido, 'yan wasa su kwana idanu a kumbure suna zubar da ruwa. Fim ɗin farko-farko yana mai da ja ya zama baƙi, shuɗin ido kuma ya fito fari fat, shi ya sa ake shafa musu hoda mai kauri da take da ban tsoro a ido amma ta yi kyau a majigi. Kwana shida ake aiki a mako. 'Yan cika fage, wato masu fitowa a cikin taron jama'a a fim, daga 1925, ofishin Central Casting suke bugawa waya kullum su ji ko akwai aikin gobe, 'yan mata da yawa kuma a wani gidan kwana na mata zalla suke zama, Hollywood Studio Club. Da magana ta shigo fim daga 1927 sai komai ya juye: a yi tsit, a rufe kyamara a akwati don kada a ji ƙararta, a gwada muryar kowa, kamfanoni kuma suka samu hujjar hana ƙarin albashi. Louise Brooks ta bar Paramount ta tafi Jamus a 1928, da aka neme ta ta dawo ta ɗora murya a kan fim ɗin da ta riga ta yi, ta ƙi, aka sa wata ta yi muryar, ita kuma ba ta ƙara samun babban matsayi a Hollywood ba. A watan Maris na 1933, lokacin da bankunan Amurka suka rufe, aka zabtare wa ma'aikata da yawa rabin albashi na mako takwas, kuma a shekarar aka kafa ƙungiyar 'yan wasa. Kada ki juye waɗannan duka a babi ɗaya. Ki ɗauki wanda ya taɓa jikin yarinyarki ko aljihunta a wannan rana, ki bar sauran.

Shawarata a kan mutanen gaske ita ce, jarumarki ta zama ƙirƙirarriya, kamfaninta ma ƙirƙirarre, mutanen gaske su riƙa wucewa ta gefe suna yin abin da aka san sun yi. Ta ji labarin kwantiragin Pickford a ɗakin kwalliya, ta karanta shari'ar Davis a jarida. Kada ki sa wa mamaci zunubin da ba a tabbatar ya yi ba don labari ya yi armashi. Ba maganar shari'a kaɗai nake yi ba, ko da yake ita ma tana nan: de Havilland ɗin nan, a 2017, tana gab da cika shekara 101, ta kai ƙarar masu wani wasan talabijin da suka sa mata maganganun da ta ce ba ta taɓa yi ba. Ba ta yi nasara ba, amma ina ganin ƙorafinta abin saurare ne. Matan nan sun yi rayuwarsu wasu suna ƙaga musu asali da hali don a sayar da tikiti. Bai kamata mai rubutu don tausaya musu ya sake yi musu irin wannan ba.

In kuma kin ji Amurka ta yi miki nisa, akwai wuraren da masu karatunki suka fi sabawa da su, tunda mun tashi da kallon finafinan Indiya. Lokacin da Dadasaheb Phalke ya yi fim ɗinsa na farko a 1913, bai samu macen da ta yarda ta fito ba, sai namiji, Anna Salunke, ya ɗaura sari ya fito a matsayin sarauniya. A can matsalar farko ba kwantiragi ba ce, mutunci ne da abin da dangi za su ce. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, Devika Rani da mijinta Himanshu Rai suka kafa Bombay Talkies a 1934, da ya rasu a 1940 ita ta ci gaba da jan ragamar kamfanin. A Masar ma Aziza Amir ta shirya fim da kanta a 1927. Kowanne da irin nasa ƙarfin da yake danne mace, don haka in kika zaɓi Bombay ko Alƙahira, kada ki kwaso dokokin Hollywood ki ɗora musu.

Abu na ƙarshe zai yi miki amfani wajen ƙirƙira. Finafinan wancan zamani a kan wani sinadari mai saurin kamawa da wuta ake buga su, yana kuma ruɓewa in ya daɗe. A 1937 gobara ta cinye ma'ajiyar Fox a New Jersey, yawancin finafinan Theda Bara, da suka kai kusan arba'in, sun salwanta. Wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓata gaba ɗaya. Don haka jarumar da ta yi fim talatin, aka yi ta rububin hotonta a 1917, yau babu ko minti ɗaya na motsinta, ba abin mamaki ba ce a tarihi, kuma babu masanin da zai ce miki ba za ta yiwu ba. Abin da ya kan saura shi ne takardu: kwantiragi, takardar albashi, wasiƙar dakatarwa, guntun jarida, hoton talla da sunan da ba nata ba a ƙasansa. Da ni ce ke, da na ajiye babi ukun nan a gefe, na fara da wata jika da ta buɗe akwatin kakarta bayan rasuwa, ta tarar da kwantiragi mai shafi da yawa, da sa hannun kakar a ƙasa, a kan sunan da babu wanda ya taɓa ji a gidan. In kin rubuta wannan babi ki aiko mini in gani.